Yadda Na Kai Wa Madam Baƙo

Yaran yanzu idan sun dawo daga karatu a waje sai su zaunar da kai su cika maka kunne da labarin manyan birane da benaye masu taɓa gajimare. To ni ma na je Faransa, kada ku raina ni don kun gan ni ina gyangyaɗi a bakin gulbi da carbi a hannu. Sai dai ni birnin ta tagar jirgin ƙasa na gan shi. Inda aka sauke ni wani ɗan gari ne a gefensa, tasha huɗu daga ciki, garin da ko Zabori ranar da ba kasuwa ta fi shi hayaniya. Sana'arsa ɗaya ce tak. Akwai babbar lakwal ta koyon injuna a bayan gari, mutanen gari kuma suna ba ɗalibanta hayar ɗaki. Mu a Dendi gero da shinkafa muke nomawa, su ɗalibai suke nomawa. A shuka su da kaka, a girbe su da bazara, a share ɗaki a jira wasu.

Abin da ya kai ni ba ilimi ba ne, kada ma wani ya yi mini ƙarya bayan raina. Shekara biyar na yi a lakwal ɗin Gaya, ni da bulalar mushe, wato malamin ajinmu, muka kasa fahimtar juna, na koma garaji ina shiga ƙarƙashin kamiyo, manyan motocin kaya. Ba a daɗe da karɓar mulkin kai ba sai aka ce ana neman waɗanda za su je su koyo gyaran injin ban ruwa saboda fadamun shinkafa. Masu karatu ba sa son baƙin mai ya taɓa musu hannu, masu baƙin mai a hannu kuma ba su iya rubuta sunansu ba. Ni na iya rabin kowanne, shi ke nan aka ce na cancanta. Wata bakwai, sannan jarrabawa, sannan takarda. In na dawo da takarda ina da aikin gwamnati. In na dawo hannu biyu, ƙarƙashin kamiyo na nan yana jirana, tare da dariyar duk 'yan tasha.

Ranar da na isa, mushe darakta, wato shugaban lakwal ɗin, ya gaya mini ba su da wurin kwana. Kowa ya nemi ɗaki a gari. Kuma ƙarshen kowane wata sai ka kawo takarda da sa hannun mai gidanka, yana shaida cewa a gidansa kake kwana. Ba takarda, ba jarrabawa. Na ce a raina wannan ai wasa ne, wane mai gida ne zai ƙi shaida baƙonsa?

Na fita da akwatina a ka. Kusan kowace taga akwai ɗan kwali an rubuta ɗaki na haya, wannan kam karatuna ya kai in karanta. Sai in buɗe ƙofar shinge, in ga labule ya motsa, in ƙwanƙwasa, a leƙo a ce mini yanzun nan aka kama ɗakin. Gida bakwai na yi haka. Ban taɓa ganin garin da ɗakuna ke ƙarewa da sauri irin wannan ba. Tsakanin shinge da ƙofar gida, taki shida, an riga an kama.

A gidan shan kafe na bakin tasha wani mai jar hula da gashin baki ya kira ni ɗan'uwa. Tun daga nan ya kamata in gudu, don ban ga ta inda muka haɗa uwa ba. Ya ce shi dillalin ɗakuna ne. Ya karɓi ladansa tukuna, ya kai ni wani lungu, ya nuna mini wata babbar taga mai furanni daga nesa ya ce, “Ga ɗakinka can, je ka ce ni na aiko ka.” Kafin in gyara akwati a kaina ya sha kwana.

Matar da ta buɗe ƙofa ba ta taɓa jin labarinsa ba. Madam Fushe ke nan, gwauruwa, doguwa siririya, da tarin makullai a ƙugu, in tana tafiya sai ka ce akuyar da aka rataya wa ƙararrawa. Ta dube ni tun daga takalmi har hula. Ta ce babbar tagar ta wani ɗan likita ce, amma akwai ɗaki a can sama. Ita kaɗai ce a garin ba ta yi mini ƙarya ba, kuma ku riƙe wannan, don gaskiyar matar nan ta fi ƙaryar mai jar hula ba ni wuya.

Ɗakin a ƙarƙashin rufi yake. A tsakiyarsa kaɗai nake iya miƙewa tsaye, in na matsa taki ɗaya sai katako ya gaishe ni a goshi. A bayan ƙofa an manna takardar dokoki. Kwana uku na yi ina haɗa baƙaƙenta. Ba a girki. Ba a wanka sai Asabar. Ba a wanke ƙafa a kwanon wanke fuska, wannan kuwa da alƙalami daban aka ƙara ta, kwana biyu bayan zuwana, bayan ta ga yadda nake alwala. Ni ne mutum na farko daga Gaya da aka kafa wa doka shi kaɗai a ƙasar Faransa, kuma ina son jikokina su san haka.

Yanzu sai in gaya muku inda kaina ya karkace. Mahaifina mai masauki ne a Gaya. Fataken goro da na gishiri da masu kifi daga ƙetaren gulbi da na Najeriya duk a zaurenmu suke sauka. Ba a taɓa cewa wani ya biya kuɗin kwana ba. In ciniki ya faɗa, baƙo ya ajiye abin da ya ajiye, a yi kamar ba a gani ba. Girman gida a wurinmu shi ne yawan takalman da ke bakin ƙofa. Baƙon baƙonka kuma naka ne, har ya fi na farko daraja, don ya nuna sunan gidanka ya yi nisa. Da wannan kan na shiga gidan Madam. Ni a wurina uwar masaukina ce, ni kuma ɗan gida.

Kullum da safe sai in tsaya a bakin kicin in gaishe ta yadda ya kamata. Yaya kwana, yaya gajiya, yaya sanyi, yaya mutanen gida, yaya labarin 'yarta da ke aure a birni. Sai ta ajiye cokali ta ce, “Mushe Idi, me ka fasa?”

“Ban fasa komai ba, Madam, gaisuwa ce.”

“To na ji. Sannu. Akwai wani abu?”

Da wata ya ƙare na ƙulle kuɗin haya a ƙyalle na tura ƙarƙashin tukunyar furenta, don kada in ba ta kunya da miƙa mata a hannu kamar muna kasuwa. Kwana biyu ta hau sama tana tambayar kuɗinta. Da na nuna mata inda suke, ta riƙe ƙirji ta ce ko ina so a ce ta yi sata ne. Na ɗauko mata buhun gawayi daga rumbun ƙasa don in sauƙaƙa mata, ta miƙo mini ɗan kuɗi kamar ɗan dako. Na ƙi karɓa, ta ji haushi. Ta ƙi bari in sake ɗauka, na ji haushi. Haka muka zauna, kowa na ganin ɗan'uwansa ba shi da tarbiyya.

Sai sanyi ya sauka. Ba zan ɓata muku lokaci da kwatanta shi ba, don ba za ku yarda ba. Da aka ba da hutun ƙarshen shekara ɗalibai duk suka watse gidajensu, garin ya mutu murus. Mai burodi ya rufe, mai aski ya rufe, har karnuka suka daina haushi don ba wanda za su yi wa. Ni kaɗai nake yawo a titi kamar wanda aka manta a tasha. Ina da ɗan gwangwani na busasshen kifi da innata ta saka mini a akwati. Ba halin dafawa, sai in buɗe in shaƙa in rufe da sauri kafin ƙanshin ya sauka bene ya zama doka ta gaba. In na shaƙa sai in ji ƙarar jiragen ruwa suna gogar juna a mashaya, da matan Dendi suna ciniki kamar faɗa.

Wanda ya cece ni a lokacin wani tsoho ne, Marsal, mai hura wutar da ke dumama azuzuwan lakwal. Ya gan ni ina karkarwa a rigar da ko a Dosso ba ta isa ba, washegari ya kawo mini wata ƙatuwar riga ta ɗansa. Ya nuna mini benci a ɗakin wuta ya ce in riƙa cin burodina a nan. Ba mu cika magana ba. Shi ya zuba gawayi, ni in tauna. Allah ya saka masa, in dai ana saka wa irinsu, ni dai na roƙa.

Saura mako uku jarrabawa, ranar wata Lahadi da la'asar, na dawo na tarar da mutum zaune a kan dakalin ƙofar Madam, da tsohuwar rigar soja da jaka ɗaure da igiya. Ya ɗago kai ya ce, “Idi ɗan Malam, haka ka rame?”

Baba Hamani ne, abokin mahaifina daga ƙetaren gulbi, tsohon sojan nasara. Tun ina tsirara yake sauka a zaurenmu. Ya sayar da shanunsa biyu ya biyo jirgin ruwa yana bin takardun fanshonsa, ofisoshin birni suna ta mirgina shi daga wannan ƙofa zuwa waccan, guzuri ya ƙare. A aljihunsa akwai ambulan ɗin wasiƙar da na aika gida, mai adireshina a baya. Wallahi ban san sa'ad da na durƙusa a kan dusar ƙanƙara ba. Wata shida ban ji an kira sunan ubana ba.

Farin cikina biyu ne. Na ɗaya na ga na gida. Na biyu, yau zan saka wa Madam. Wata shida ina cikin gidanta ban kawo mata ko mutum ɗaya ba, kamar gidan da ake gudu. Na kama hannunsa na shiga da shi har falo, inda ko ɗan likita ba ya shiga, na ce da ƙarfi, “Madam, albishirinki! Na kawo miki baƙo.”

Baba Hamani ya haɗa ƙafafu ya sara mata, ya gaishe ta da faransancin bariki. Ta ba shi kujera, ta kawo kafe, har da 'yar faranti a ƙarƙashin kofi. Ta tambaye shi inda ya yi yaƙi, ya faɗa, ta ce mijinta ma can ya tafi bai dawo ba. Na ce a raina shi ke nan, zumunci ya ƙullu. Sai ta ce, “A wane otel ya sauka?”

Na yi dariya. “Otel kuma, Madam, kina raye? Ai nan ya sauka.”

“Nan ina?”

“Gidanki. Baƙona ne, ni kuma naki ne, to kin ga ya zama naki.”

“Mushe Idi, kai ba baƙona ba ne. Kai ɗan haya ne.”

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce in je in karanta doka ta huɗu: ɗaki ɗaya, mutum ɗaya. Ta ce ba ƙin tsohon take ba, amma in ta bar ni gobe ɗan likita zai kawo nasa, kuma 'yan sanda na da rajistar duk wanda ke kwana a gidan haya. Saboda mijinta, ta ce, ta ba shi kwana biyu.

Baba Hamani ya tambaye ni da harshen gida me take cewa, don saurin maganarta ya fi ƙarfin faransancinsa. Na ce tana yi masa maraba.

Kwana biyun na yi ina yawo da rana ina nema masa ɗaki. Gidajen da suka ƙare mini a kaka sun sake ƙarewa. Na roƙi Marsal ya bar shi a ɗakin wuta, ya girgiza kai ya ce ni ɗalibi ne, in an gan ni zai ce karatu nake, amma in aka ga baƙo aikinsa ya tafi. A nan ne dabara ta zo mini, irin ta mai rabin ilimi. Doka ta ce mutum ɗaya, ba ta ce wane ba. Na bar wa Baba Hamani gado da bargo, ni na koma bencin Marsal. Da safe in wanke toka daga fuskata in shiga aji. Madam ta ƙirga kawuna ta ga ɗaya, ta murɗe baki. Kwana takwas ina tafiya ina jin kaina kamar na ci ƙasar Faransa da yaƙi.

Ranar Laraba ta ƙarshen wata na kai mata takardar shaida da alƙalami. Ta sa tabarau ta karanta, kamar ba ita ta sa wa irinta hannu sau shida ba. Ta turo mini abata.

“Takardar nan ta ce a gidana kake kwana.”

“Haka ne, Madam.”

“Ba haka ba ne. Kwana takwas ba ka kwana a nan ba.”

“Akwatina na nan, hayata na biya.”

“Ba ta ce akwatinka na kwana a gidana ba.”

“Haba Madam! Wa zai sani?”

“Ni,” in ji ta. Ta cire tabarau.

Na yi magiya, na kira ta uwata, ta ce 'ya ɗaya ta haifa kuma ta san ta. Na ce to mu kwana mu biyu yau kaɗai, ta ce doka ta huɗu. In na kwana a ɗakin, tsoho ya fita. In tsoho ya kwana, ba sa hannu. Na je wurin mushe darakta na kwashe labari tun daga zauren ubana. Ya saurara har ƙarshe, ya ce al'adarmu kyakkyawa ce ƙwarai, yana sha'awarta, takarda kuma ranar Juma'a kafin ƙarfe goma sha biyu, in ba haka ba a cire sunana daga masu jarrabawa. Mutanen nan sun iya yabonka suna rufe maka ƙofa.

Ranar Alhamis da azahar na hau sama ban san abin da zan ce ba. Na tarar Baba Hamani ya nannaɗe bargo, ya share ɗaki, jakarsa ɗaure a kan gado. Ashe da rana in na tafi lakwal yakan sauko kicin ya taya Madam ɓare dankali, tana magana a hankali yana ganewa. Ta gaya masa komai, don ita ba ta iya ɓoye gaskiya ko an roƙe ta.

Ya ce, “Idi, zan koma birni. Akwai wani yaron Dosso da ke aiki a babbar tasha, ya daɗe yana cewa in je wurinsa.”

Kwana goma sha ɗaya muna tare bai taɓa ambaton wani yaron Dosso ba.

Ku da kuka tashi a gidan mutane kun san abin da ake yi a nan. Baƙo ya ce zai tafi, sai ka fizge jakar, ka ɓoye masa takalmi, ka rantse ba inda za shi. Ya sake faɗa ka sake hanawa. Sai ya faɗa sau uku, da dalili mai ƙarfi, sannan ka sake shi kana ƙorafi. Ko ba ka da ƙwayar gero a gida haka ake yi. Na miƙa hannu na ɗauki jakar. Ya dube ni. Na saɓa ta a kafaɗa na buɗe masa ƙofa.

Muka taka har tasha yana tari. Da jirgi ya tsaya bai shiga nan da nan ba. Ya tsaya yana gyara igiyar jakar da ba ta kwance ba, yana ba ni fili. Ni kuwa na kafa wa agogon tasha ido kamar yau na fara ganin agogo. Na cire rigar da Marsal ya ba ni na ɗora masa, na cusa masa abin da ke aljihuna, duk don bakina ya sami abin fakewa. Ya dafa kaina ya ce, “Ka koyo injin nan da kyau, ɗana. Fadamarmu na jira.” Ya shiga.

Ranar na kwana a gidan Madam. Da safe ta hau da kanta ta ga ni ne a ɗakin, ta sa hannu, da kyakkyawan rubutunta mai lanƙwasa. Sannan ta miƙo mini faranti da yankan wainar tuffa mai ɗumi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, “Ka gani, Mushe Idi? Komai ya daidaita.” Na so in ƙi. Na cinye tas, kuma abin da ya fi ba ni haushi har yau, wainar ta yi daɗi.

Na ci jarrabawa. Na dawo na yi shekara talatin ina tayar da injuna daga Gaya har Dioundiou. Baba Hamani ya riga ni isowa gida, ba fansho. Daga baya wani direba ya gaya mini a kan bencin babbar tasha ya ƙarasa sanyin nan. Amma shi abin da ya ba mutane labari a zauren mahaifina shi ne ɗan Malam ya bar masa gado da bargo a ƙasar nasara, ya je ya kwana a cikin toka. Gaskiya ce, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. A nan ya tsaya, har ya rasu bai ƙara ko kalma ba. Mahaifina ya mutu yana alfahari da ni a kan wannan, mutane kuma har gobe in an kawo zancen karɓar baƙi sai a nuna ni da baki. Na bar su shekara da shekaru suna nunawa, ina sunkuyar da kai ana cewa kunya ce irin ta mutanen kirki.

To ga sauran labarin na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.